Bugun zuciyar Baba ya rikice: Yamai za mu kai shi ko Tunis?

"Assalamu alaikum likita. Daga Tawa nake rubuto maka. Mahaifina ɗan kasuwa ne, shekarunsa 68, kuma ya daɗe yana fama da hawan jini. Watan jiya ya fara kukan faɗuwar gaba da saurin gajiya, ko masallaci zai je sai ya tsaya ya huta a hanya. Muka kai shi asibiti, aka yi masa awon zuciya na takarda, aka rubuta fibrillation auriculaire, aka ba shi Sintrom da bisoprolol, aka ce ya riƙa zuwa awon jini. Yanzu ya ji sauƙi, har yana cewa a bar maganin haka nan. Wani abokinsa ya ce akwai sabon magani da ba ya buƙatar awo. Ƙanena da ke Abijan kuma ya ce mu haɗa kuɗi a kai shi Tunis a yi masa aiki kowa ya huta. Ni ina aiki da wata ƙungiya, ina da inshora, amma ban san ko za ta ɗauke shi ba. Wane likita ya kamata mu gani, kuma wace hanya za mu bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi. Ka tambayi likitan da za ku gani, da sabon magani, da tafiya Tunis, da inshora, kuma duk zan amsa. Sai dai abin da ya fi ɗaga mini hankali a saƙonka shi ne wanda ka faɗa a tsakiya ka wuce, wato Baba na son barin magani don ya ji sauƙi. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ka tabbata ya sha Sintrom ɗinsa na yau.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A mai lafiya, wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama ne ke ba da umarnin bugu, sau 60 zuwa 100 a minti, a jere. A ciwon Baba ɗakunan sama sun daina matsawa yadda ya kamata, sai karkarwa suke yi, sau 300 ko fiye a minti. Akwai mashiga tsakanin sama da ƙasa da ke tace wannan hargitsi, ba ta barin duka su wuce, amma waɗanda suka wuce ba su da tsari. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti guda cur. Za ka ji uku da sauri, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai biyu marasa ƙarfi. Wannan ne faɗuwar gaban da yake kuka da ita, kuma gajiyar ta zo ne don zuciyar da ke gudu haka ba ta samun lokacin cika kafin ta tura jini.

Bisoprolol ya rage gudun, shi ya sa Baba ya ji daɗin jikinsa. Amma karkarwar tana nan. Jinin da ke cikin ɗakin da ba ya matsawa kamar kunu ne da aka daina motsawa, sai ya yi gudaji, musamman a wata ƴar aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu. Ranar da guda ɗaya ya ɓalle, hanyarsa mafi sauƙi ita ce ta ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar, kuma shanyewar da ke zuwa ta wannan hanya ta fi muni, don gudan yakan toshe babbar jijiya. Gudan jini ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Sintrom aikinsa hana shi haɗuwa, kuma magungunan irinsa suna rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku. Mai shansa ba ya jin wani canji a jikinsa, abin da ke sa mutane raina shi ke nan. Na sha karɓar dattijai a sashen gaggawa baki a karkace, hannu a sake, idan na tambayi ƴaƴansu sai su ce ai ya warke ne tun bara ya bar magani.

Muna da ƙidayar da muke yi don sanin wa ke buƙatar maganin tsinka jini. Hawan jini maki ɗaya, ciwon suga ɗaya, raunin zuciya ɗaya, ciwon jijiyoyin jini ɗaya, shekara 65 zuwa 74 ɗaya, 75 zuwa sama biyu, wanda ya taɓa shanyewa biyu. Baba da shekara 68 da hawan jini yana da biyu, kuma daga biyu ake cewa a sha. Makin nan ba ya raguwa, shekaru gaba suke yi. Saboda haka ku shirya wa maganin nan zama na dindindin. Aspirin, ko Aspégic da wasu ke canzawa zuwa gare shi don arha, ba ya maye gurbinsa.

Likitan da za ku gani

Likitan zuciya kuke buƙata, aƙalla sau ɗaya a farko, kuma dalilin ganinsa shi ne eko na zuciya, wato hoton da ake ɗauka da na'ura a ƙirji a ga cikin zuciya tana aiki. Awon takarda da aka yi wa Baba ya nuna bugun ya rikice, eko ne zai nuna dalili: ko hawan jini ya kaurara bangon zuciya, ko ƙarfin tura jininta ya ragu, ko ɗakin hagu ya faɗaɗa, sannan uwa uba halin da ƙofar mitral, wadda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, take ciki. A Turai yawancin masu wannan ciwo tsofaffi ne masu hawan jini. Mu a nan muna da su, muna kuma da wani kaso da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙofar zuciya, ta ƙanƙance, sai bayan shekaru abin ya fito. A shekarun Baba hawan jini na fi zargi, amma zargi ba ya isa a zaɓi magani da shi.

Ka fara tambaya a babban asibitin jihar Tawa ko za a iya yin eko a nan tare da likitan zuciya. Idan bai samu ba, likitocin zuciya na ƙasarmu kaɗan ne kuma mafi yawansu suna Yamai: akwai sashen zuciya a Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Lamorde, da Hôpital Général de Référence, ban da asibitocin kuɗi. Tafiyar ta haura kilomita 500, don haka ku nemi ranar ganin likita kafin ku hau mota, ku riƙo takardar turawa daga likitan da ya fara ganinsa, da takardar awon zuciya ta farko, da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. A tafiya guda a yi awon ƙoda, da na yawan jini, da suga, da gishirin jini, da na maƙoƙo da ake kira TSH, domin maƙoƙo mai yawan aiki yana haddasa wannan rikici, kuma idan shi ne, maganinsa daban ne.

Ni a wurina likitan da ya dace da ku ba lallai ne wanda ya fi suna ba. Wanda zai rubuta muku tsari a takarda, ya yarda likitan Tawa ya ci gaba da bin Baba, ya kuma amsa idan an aiko masa sakamakon awo ta WhatsApp, ya fi muku amfani a kan wanda sai an zo Yamai duk wata. Bin wannan ciwo na yau da kullum babban likita na gida yana iya yinsa sarai. Likitan zuciya sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar idan komai na tafiya daidai.

Sintrom ko sabon magani

Abokin Baba bai yi ƙarya ba. Akwai rivaroxaban da ake sayarwa da sunan Xarelto, da apixaban mai suna Eliquis, da dabigatran. Ba sa buƙatar awon jinin nan na masu shan Sintrom da ake kira INR, abinci bai cika shafarsu ba, kuma zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ya fi ƙaranci da su, kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su a jerin muhimman magunguna a 2019. Ga wanda ƙofar zuciyarsa lafiya take, su ne zaɓin farko a ƙa'idar yau.

Sharuɗɗa biyu ne ke tsayar da ni. Na farko eko. Mai ƙofar mitral da ta ƙanƙance sosai, ko wanda aka saka wa ƙofar ƙarfe, Sintrom ko warfarin ne nasa. Binciken INVICTUS da aka fitar a 2022, wanda aka yi kan mutum sama da 4,500 a ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka masu lalacewar ƙofa irin wadda na ambata, ya nuna waɗanda suka sha tsohon maganin sun fi masu shan rivaroxaban tsira da rai. Na biyu aljihu. Sabbin magungunan sun ninka Sintrom tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙarfinsu yana fita daga jiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya sha wata biyu, kuɗi ya yanke, ya zauna mako uku yana jiran aike daga Abijan, ya fi mai shan Sintrom a kan ƙa'ida shiga haɗari. Idan kun lissafa kuɗin shekara guda kuka ga za ku iya ba yankewa, eko da awon ƙoda kuma suka ba da dama, ku nemi likita ya canza masa. Canjin ma yana da ƙa'ida, sai INR ya sauka zuwa wani mataki, ba a haɗa biyun. Akwai samfuran Indiya masu sauƙin kuɗi, amma a farmasi mai lasisi kaɗai za a saye su.

Idan a kan Sintrom zai zauna, to sai gida ya koyi zama da shi. Awon INR shi ke nuna tsinkewar jinin, kuma ana son sa tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 kariya ta yi rauni, sama da 4 zubar jini ake tsoro. A farko ana yinsa duk bayan ƴan kwanaki, idan ya daidaita sai sau ɗaya a wata, kuma ya fi kyau a tsaya a ɗakin awo guda. Ƙwayar Sintrom ta miligiram 4 tana da tsaga biyu a giciye, ana karya ta gida huɗu, kuma sau da yawa abin da ake sha rabi ne ko uku cikin huɗu, wani lokacin ma yau rabi gobe uku cikin huɗu. A nan ne ake ruɗewa. Abin da nake yi wa dattijan da ba su yi boko ba, nakan ɗauki ƙaramin littafi in zana da'ira bakwai, ɗaya ga kowace rana daga Asabar zuwa Juma'a, in raba kowace gida huɗu, in cike da biro yawan yankin da za a sha. Jika ko uwargida ta riƙe littafin, tana sa alama idan an sha. A shafin gefe a rubuta ranar awo da sakamakonsa. A sha da yamma, bayan Magariba misali, domin idan sakamakon safe ya nuna a gyara, a gyara a ranar. Idan an manta har gari ya waye, ba a ninkawa.

Batun abinci, mutane sun tsananta. Zogale, da kuka, da rama, da lalo, da kabeji, da salati suna ɗauke da bitamin K wanda ke rage ƙarfin Sintrom. Wasu sai su hana majinyaci miyar kuka gaba ɗaya, ni ban ga dalili ba. Ya ci yadda ya saba, a daidaita maganin a kan cimarsa. Abin da ke ɓata awo shi ne canji na farat ɗaya, mutum ya yi wata bai ga ganye ba, damina ta faɗi ya shiga cin dambun zogale safe da yamma. Wanda ya fi abinci haɗari shi ne maganin da ake saye a faranti a kan ƴan talla ko a teburin kasuwa. Diclofenac da ibuprofen da aspirin da ake sha don ciwon gwiwa suna haɗuwa da Sintrom su fasa jini a ciki. Paracetamol ne nasa, shi ma ba da yawa ba. Flagyl da Bactrim da fluconazole suna ɗaga INR sama sosai, rifampicin na tarin fuka kuma yana kashe ƙarfin maganin. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi a bar su, tunda ba mai iya auna abin da ke ciki. Ƙaho, da tsaga, da cire haƙori, kada a yi ko ɗaya sai likita ya sani. Duk inda ya je neman magani, ko na zazzaɓin sauro ne, kalmar farko da zai faɗa ita ce yana shan Sintrom.

Maganar Tunis

Niyyar ƙanenka mai kyau ce, amma "a yi aiki a huta" ba haka abin yake ba. Hanya biyu ake bi da bugun kansa. Ko a bar shi a rikicensa a rage masa gudu, a riƙe shi ƙasa da 110 a minti idan mutum na zaune, da bisoprolol ko atenolol ko diltiazem, wani lokaci a ƙara digoxin. Ko a yi ƙoƙarin mayar da shi daidai, da amiodarone wanda kuka fi sani da Cordarone, ko da girgizar lantarki bayan an sa mutum barci na ƴan mintuna, ko da aikin da ake kira ablasiyon. Girgizar ana yinta ne bayan mako uku na tsinka jini mai kyau, a ci gaba aƙalla mako huɗu bayanta. Cordarone yana aiki, amma idan an daɗe ana sha yana iya taɓa maƙoƙo da huhu da hanta, kuma yana ɗaga INR.

Ablasiyon shi ne abin da ake zuwa Tunis ko Maroko ko Turkiyya dominsa. Likitocin Bordeaux a Faransa ne suka nuna a 1998 cewa rikicin yawanci daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu yake tasowa, sai ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya a ƙona ko a daskarar da kewayen wurin. Ya fi yin nasara ga wanda ciwon ke zuwa yana tafiya, bai daɗe ba, ɗakin hagunsa kuma bai faɗaɗa ba. Ga wanda ya zaunar masa, yakan dawo, har a sake aikin. Babban binciken AFFIRM na 2002 bai ga bambancin tsawon rai tsakanin hanyoyin biyu ba, wani na 2020 kuma ya nuna akwai riba idan an gyara bugun tun cikin shekarar farko. Don haka ban rufe ƙofar ba, tambaya ce mai kyau da za ku yi wa likitan zuciya yana kallon eko. Amma dattijon da bisoprolol ya mayar da shi kasuwa da masallaci ba ya cikin waɗanda zan gaggauta turawa. Kuma ko an yi aikin ya yi kyau, mai maki biyu ba a cika dakatar masa da maganin tsinka jini ba. Kuɗin tafiyar nan zai sayi maganin shekaru masu yawa.

Inshora da kuɗi

Inshorar ma'aikata a nan yawanci ma'aikaci take ɗauka da matarsa da ƴaƴansa, iyaye ba sa ciki sai an rubuta su a yarjejeniya. Ka je wurin mai kula da ma'aikata a ƙungiyarku ka nemi ganin takardar da idonka. Idan ana iya ƙara mahaifi, ka duba ko suna karɓar ciwon da aka riga aka gano, da iyakar kuɗin shekara, da iyakar shekarun haihuwa, da ko sai an nemi izini kafin eko ko magani mai tsada, da ko farmasin da suke hulɗa da su akwai su a Tawa. Kada ka yarda a rubuta maganin Baba da sunanka, rashin gaskiya ne, kuma ranar da aka gano kai ma za ka rasa taka. CNSS, asusun ma'aikata na ƙasa, fansho da haɗarin aiki da kuɗin iyali take biya, ba wannan ba. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo tun 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne da wasu buƙatun mata kamar tiyatar haihuwa. Wanda ba shi da hali ƙwarai yana iya neman takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari ya kai wa sashen jin ƙai na asibiti.

Ga ɗan kasuwa irin Baba, inshorar gaskiya ku ƴaƴansa ne. Ku yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, na Abijan ya turo ta NITA ko makamanciyarta, mutum ɗaya ya riƙe asusun, a riƙa sayen kwali na gaba tun saura mako biyu na hannu ya ƙare.

Hawan jinin nan kuma shi ne tushen matsalar, a riƙe shi da kyau: a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, taba a bar ta, idan akwai ƙiba a rage. Shayi da goro daidai misali ba su cika zama matsala ba, sai in shi da kansa ya lura suna tayar masa da bugu. Azumi yana yiwuwa ga da yawa daga masu wannan ciwo idan sun daidaita, Sintrom a sha shi da buɗa-baki, a yi INR kafin watan da kuma cikinsa. Wanda ke shan Lasilix, maganin fitar da ruwa daga jiki, ko digoxin, ko mai raunin zuciya, zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu yana iya busar da shi har ƙoda ta taɓu, irinsa sai ya zauna da likitansa kafin ya ɗauki niyya.

Akwai alamun da ba a jiran safiya da su. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce. Baƙin bayan gida kamar kwalta, fitsari ja, haɓon da ya haura minti goma, aman jini, faɗuwar da kai ya bugu, ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, suma, ko numfashi ya gagara a kwance. A tafi asibitin da ke da sikana, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, nan take, a riƙe lokacin da abin ya fara, kada a ɗura masa komai a baki. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota ana tafiya.

Ban ga Baba ba, ban saurari ƙirjinsa ba, ban ga takardunsa ba, saboda haka kada a ƙara ko a rage ko kwata ɗaya na ƙwaya bisa abin da na rubuta. Idan eko ya fito, ka nemi likitan ya nuna maka abubuwa uku a takardar: halin ƙofar mitral, girman ɗakin sama na hagu, da ƙarfin tura jini da ake rubutawa FEVG. Da su, da sakamakon ƙoda, za a yanke ko Sintrom zai ci gaba da sha ko a canza, da ko maganar ablasiyon ta cancanci a sake tayar da ita.